Kafin Ka Sayi Sabon Hannu: Abin da Ke Sa Mota Fizgewa a Wasan Tsere

Sana'ata gyaran hannuwan wasa ce, na PlayStation da Xbox da waɗanda ake jonawa da kwamfuta. Masu wasan ƙwallo kukansu maɓalli ne, masu tseren mota kuwa kusan bakinsu ɗaya: "Maigida, analog ɗin nan ya cika sauri, da na taɓa shi kaɗan sai motar ta yi daji." Yawancinsu sun riga sun yanke wa hannun hukunci, wasu har sun ware kuɗin sabo. In na gwada, sau da yawa lafiyarsa ƙalau, kuma abin yana damuna, domin kuɗin hannu mai kyau ba ƙaramin abu ba ne ga matashi.

Sitiyarin ƙaramar mota yana yin wajen zagaye biyu da rabi daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama, kimanin digiri 900. Shi kuwa analog, tafiyarsa daga gefe zuwa gefe ba ta kai tsawon gaɓar yatsa ba. Duk wancan juyi a cikin wannan ɗan taƙin aka cusa shi. Shi ya sa masu ƙera wasanni suke saka wani mataimaki a ɓoye, wanda ke sassauta motsin babban yatsa, ya kuma rage yawan juyawar taya idan mota ta ɗauki gudu. Duk lokacin da mataimakin nan ya kwanta, motar za ta riƙa bin kowace rawar yatsa.

Abin da nake fara yi, kai ma za ka iya. Jona hannun da kwamfuta mai Windows ta wayar USB, danna maɓallin Windows tare da R, rubuta joy.cpl, ka buɗe shafin gwaji. Akwai ɗan gicciye a cikin akwati. Tura analog a hankali. Idan gicciyen ya yi tsalle kai tsaye zuwa bango, babu tsayawa a hanya, duba maɓallin da aka rubuta Analog a tsakiyar hannun. A hannuwan USB masu arha da aka ƙera da siffar na PS2, muddin jar fitilar ba ta kama ba, analog yana aiki ne kamar maɓallan kibiya: ko babu, ko duka. Idan gicciyen yana rawa ko yana zamewa gefe alhali ba ka taɓa komai ba, ciwon na hannun ne. Idan kuwa ya bi yatsanka sumul, ka mayar da sukundireba aljihu, ka shiga saitin wasan.

A nan ne mutane suka fi ɓata wa kansu tuƙi. Duk wanda ya ji mota tana fizga, sai ya garzaya ya ƙara dedzon, wato filin da ke tsakiya inda wasa yake yin kunnen uwar shegu da motsin analog. Yana ganin ya rage sauri ke nan. A gaskiya ƙara shi ya yi. Idan ka kashe kashi 30 cikin 100 na tafiyar analog, duk juyin sitiyari zai matse a cikin kashi 70 da suka rage. Za ka tura, shiru. Ka ƙara turawa, shiru. Sai kwatsam taya ta karye gaba ɗaya. Aikin dedzon guda ne, ya hana mota karkacewa idan ka saki yatsa. Ka sauke shi ƙasa har motar ta fara jan gefe a miƙaƙƙiyar hanya, sannan ka ɗaga kaɗan ka tsaya. Kuma ka lura, idan kana wasa ta manhajar Steam ko ta DS4Windows, su ma suna da nasu dedzon, sai ya hau kan na wasan su zama biyu. Ka bar ɗaya kawai.

Maganin fizga na gaskiya shi ne saitin da ke lanƙwasa amsar analog, ta yadda ƙaramin motsi kusa da tsakiya zai ba da ƙaramin juyi, cikakken juyi kuma sai an kai baki. A wasannin F1 sunansa liniyariti, kuma ƙara shi ake yi. Kusa da shi akwai sachureshan, wanda ke sa a kai ƙarshen juyi tun analog bai kai bango ba. Wannan a bar shi a sifili. Assetto Corsa na 2014, wanda aka gina da masu sitiyarin gaske a zuciya, yana kiran nasa "gamma", yana kuma da wani saiti daban na rage juyi gwargwadon gudu, wanda mai hannu ba ya rabuwa da shi. A Forza Horizon, wanda ya mayar da sitiyari daga Standard zuwa Simulation ya rage taimakon nan da hannunsa. Na san wasu suna zaɓarsa don a ce sun ƙware, amma ban ga ƙwarewa a mota tana wulwulawa a kowace kwana ba. Gran Turismo 7 ma yana da ma'aunin saurin sitiyari na masu hannu.

Wani tarko na kwamfuta: wasa yakan ɗauki hannu mara suna a matsayin sitiyarin gaske, ya kashe duk wani sassauci. Duba ko ya rubuta nau'in na'urar daidai. In ya ƙi, Steam ko manhajar x360ce za su nuna masa hannun a matsayin na Xbox.

Idan ciwon na hannun ne, ga abin da ke ciki. Ƙarƙashin analog akwai 'yan ma'aunai biyu, ɗaya na hagu da dama, ɗaya na sama da ƙasa, kowanne da siririn ƙarfe mai goga a kan layin kabon. Goga tana cinye layin, ƙurar hunturu kuma tana hanzarta abin, musamman a gidajen wasa inda hannu ke yini yana zagayawa. Ana wankewa da aisofurofil, sinadarin da masu gyaran waya ke goge allon na'ura da shi. Don Allah kada a ɗiga fetur ko man inji. Hannuwan da suka zo mini a haka sun fi ba ni wahala. In wanki bai yi ba, sai a narke dalma a sauya analog ɗin ɗungurungum. Akwai masu aiki da maganaɗisu, waɗanda babu goga a cikinsu, irin dabarar da Sega ta saka a hannun Dreamcast tun 1998. Suna daɗewa, amma ba za su gyara saitin da aka karkatar ba.

Wajen gwaji, ka riƙe mota ɗaya da hanya ɗaya, ka sauya saiti ɗaya tak kafin ka taɓa na gaba. Ka kuma lura da lokacin da motar ke juyewa. In a shiga kwana ne, sitiyari ne. In a fita ne, daidai lokacin da ka danne totur, tayoyin baya ne suke sulɓi, kuma abin da za ka kunna shi ne taimakon hana sulɓin taya.