Baje Koli da Gasar Sana'o'in Gida a Ƙasar Hausa: Misali daga Ƙofar Dawanau

1.0 Gabatarwa

Sana'o'in gargajiya suna daga cikin manyan rassan nazarin al'adun Hausawa. Galibi idan ana koyar da su, akan tsaya ne ga ma'anar sana'a da masu yin ta da kayan aikinta. Akwai wani ɓangare da ba a cika taɓawa ba, wato dandalin da mai sana'a yake fito da aikinsa a gani, a gwada shi da na wasu, a yanke hukunci a kan wanda ya fi. Wannan darasi zai bibiyi tarihin irin wannan dandali a ƙasar Hausa, ya dubi halin da yake ciki a yau, tare da kawo misali daga unguwannin da ke kewaye da Ƙofar Dawanau a birnin Kano.

1.1 Manufar Darasi

A ƙarshen darasin, ana sa ran ɗalibi zai iya:

i. bambancewa tsakanin baje koli da nuni da gasa;
ii. bayyana matakan da bukukuwan nunin kaya suka biyo a ƙasar Hausa;
iii. kawo dalilan da suka sa matan gida ba sa shiga gasa sosai;
iv. tsara ƙaramar gasar sana'o'i a makarantar da zai koyar.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Baje koli harɗaɗɗen suna ne da aka gina daga aikatau da suna. Kalmar baje ta fito ne daga baza, wato shimfiɗa abu a fili. Koli kuwa ƙananan kayan sayarwa ne irin su allura da zare da madubi da kwalli, waɗanda ɗan koli yake yawo da su kasuwa-kasuwa. Da tafiya ta yi tafiya, sai ma'anar ta faɗaɗa, ta zama sunan babban taron da kamfanoni da 'yan kasuwa suke kai hajarsu. Jigon baje koli shi ne ciniki.

Nuni ya fito ne daga nuna, kuma manufarsa a gani a ƙaru, ko da ba a sayi komai ba. Ita kuwa gasa, sai ta tara abubuwa huɗu kafin ta amsa sunanta: masu fafatawa da alƙalai da ma'aunin da aka amince da shi da kuma kyauta. Wajibi ne ɗalibi ya riƙe wannan bambanci, domin taro yana iya cika maƙil da masu saye da sayarwa alhali babu gasa a cikinsa ko kaɗan.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

3.1 Kafin Zuwan Turawa

Hausawa sun daɗe da sanin gwada gwaninta, domin su ne suka ce sai an gwada akan san na ƙwarai. A fagen noma akwai gayya, inda samari suke rige-rigen fitar da kunya ana yi musu kiɗa da kirari. Akwai kuma bikin dubu, wanda manomin da ya tara dami dubu na hatsi yake yi, abin da kan kai shi ga matsayin Sarkin Noma.

Su ma mata suna da nasu dandalin a cikin gida. Jeren ɗakin amarya nuni ne na ƙore da faya-fayai da tasoshi, kuma 'yan ganin ɗaki su ne alƙalansa. Haka nan gara, inda ake duba alkaki da nakiya da dubulan, a yaba wa hannun da ya yi su ko a kushe. Babu takardar shaida a nan, amma kyautar ita ce suna, kuma da wannan suna ne gwanar alkaki take samun aiki a duk bikin da za a yi a unguwa.

3.2 Zamanin Mulkin Turawa

Tsararren bikin nunin amfanin gona mai alƙalai da rajista baƙo ne. A Amurka, wani mai suna Elkanah Watson ya shirya irinsa a garin Pittsfield a 1811, kuma ba da daɗewa ba aka ƙara kyaututtuka ga mata masu kaɗi da saƙa. Daga nan ya bazu zuwa gundumomin ƙasar, inda har yau ake gasar gashin burodi da adana 'ya'yan itatuwa da ɗinkin mayafan gado. A Ingila kuwa, a babban nunin Daular Birtaniya da aka yi a Wembley a 1924 da 1925, an gina wa ƙasashen Afirka ta Yamma gari mai ganuwa irin ta biranen Hausa, aka kai masu sana'o'in hannu suna aiki jama'a na kallo.

A Arewacin Nijeriya, Hukumomin En'e da Ma'aikatar Gona su ne suka riƙa shirya waɗannan bukukuwa bayan kaka. Manoma sukan kawo zangarniyar gero da dawa da gyaɗa da auduga da dabbobi, masu sana'a kuma su kawo aikin saƙa da jima da ƙira. Babban burin hukuma shi ne yaɗa ingantaccen iri da noman shanu da taki. Hakimai da dagatai su ne suke tattaro jama'a, don haka labarin taron yakan isa kowane lungu.

3.3 Bayan Samun 'Yancin Kai

Gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, sai nauyin shirya bukukuwan ya koma kan jihohi da ƙananan hukumomi. A 1987 Maryam Babangida ta ƙaddamar da shirin kyautata rayuwar matan karkara, wanda ya buɗe cibiyoyin koyon sana'a a ƙananan hukumomi, ya kuma shirya tarukan nunin kayan da mata suke yi. Wannan ya sa aikin matan gida ya fito fili matuƙa, sai dai shirin ya dogara ne ga mai mulkin lokacin, don haka da gwamnati ta sauya a 1993 sai ya shuɗe.

4.0 Halin da Ake Ciki a Yau

Tarukan ba su mutu ba. A Kano, Cibiyar Ciniki da Masana'antu da Ma'adinai da Aikin Gona, wato KACCIMA, tana shirya baje kolin ƙasa da ƙasa a filinta da ke titin Gidan Zoo, galibi tsakanin Nuwamba da Disamba. Kaduna ma tana da irinsa. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934, yana haɗawa da nunin amfanin gona. An dakatar da shi bayan na 2009, hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya abin adanawa a 2016, sannan aka farfaɗo da shi a 2020. A Jamhuriyar Nijar akwai SAFEM, taron sana'o'in hannu na mata da aka fara a Yamai a 2000, yayin da Wagadugu take da SIAO tun 1988.

Abin lura shi ne, waɗannan duka manyan taruka ne na birane da na ƙasa da ƙasa. Wanda ya yi rauni shi ne ƙaramin bikin gunduma, wanda mace za ta aika da faifanta ko ƙwaryar daddawarta a duba ba tare da ta kama rumfa ba. Ke nan ciniki ya bunƙasa, gasar sana'o'in gida kuwa ta ja da baya.

5.0 Misali daga Ƙofar Dawanau

Ƙofar Dawanau tana arewa maso yammacin ganuwar Kano, tsakanin Ƙofar Ruwa da Ƙofar Waika. Ta ci sunan garin Dawanau da ke Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa, inda aka kafa babbar kasuwar hatsi a 1985 a kan hanyar Katsina. Daga wannan kasuwa ake lodin gero da masara da wake da riɗi da zoɓo zuwa sassan Nijeriya da maƙwabtan ƙasashe irin su Nijar da Chadi da Kamaru.

Kusancin kasuwar ya sauƙaƙa wa matan wannan yanki samun kayan aiki. Kamar sauran unguwannin birni, a cikin gidaje ake matsar man gyaɗa, a soya ƙuli-ƙuli da awara, a yi kantun riɗi, a ɗinka hula. Kayan suna fita ne ta hannun 'yan talla da dillalai, a yanzu kuma har ta wayar hannu. Misali, mai ɗinkin hula takan shafe makonni a kan hula guda, dillali ya karɓa ya kai wanki da bugu, ta isa kasuwa ba tare da sunan wadda ta ɗinka ta ba. Idan hular ta kai rumfar baje koli, ɗan kasuwa ne zai sha yabo. Sana'ar tana nan da ranta a bayan zaure, amma babu inda ake auna ta a bainar jama'a, balle a san gwanar unguwa.

6.0 Dalilan Raguwar Shiga Gasa

i. Rashin tsayayyen mai shiryawa. Tun bayan En'e, bikin gunduma ya zama abin da shugaba zai yi idan ya ga dama, wanda ya gaje shi kuma ya watsar.

ii. Tsada da nisa. Kuɗin rumfa da na mota sun fi ƙarfin mai ƙaramin jari, wadda cinikin yau shi ne cefanen gobe.

iii. Tsarin da bai dace da zaman aure ba. Matar da ke kulle ba za ta wuni a filin taro ba. Muddin ba a ba da damar aiko da kaya ta hannun wakili ba, an rufe mata ƙofa.

iv. Kayan masana'antu. Roba ta maye gurbin ƙwarya da faifai, zaren kanti ya kori na mazari, dunƙulen miya kuma yana gogayya da daddawa.

v. Yankewar koyo. Yarinyar da ba ta zauna kusa da kakarta tana kaɗi ba, ba ta da abin da za ta kai gasa.

vi. Rashin tsaro da annoba. Hare-haren da aka kai Kano a Janairun 2012 da annobar korona ta 2020 sun taƙaita tarukan jama'a na wani lokaci.

7.0 Tasirin Lamarin ga Harshe

Kowace sana'a rumbu ce ta kalmomi. A kaɗi akwai gurza da shiɓa da sutu da mazari da abawa. A saƙa akwai allera da ƙoshiya da andira. Mai daddawa ta san kalwa, mai man gyaɗa ta san tunkuza. Wurin gasa yana daga cikin wuraren da ake furta waɗannan kalmomi a gaban yara, domin alƙali ba zai fifita wani zare a kan wani ba sai ya faɗi dalili, kuma da harshen sana'ar zai faɗe shi. Idan aka daina wannan, kalmomin sukan koma cikin ƙamus da karin magana kawai. Ɗalibi zai haddace su don jarrabawa alhali bai taɓa ganin abin da suke nufi ba, ga shi kuwa gani ya kori ji.

8.0 Rawar da Malamin Hausa Zai Taka

Makaranta ita ce hukumar da ta fi kusa da kowane gida, don haka malami yana iya cike wani ɓangare na wannan giɓi ta bin matakai kamar haka:

a. Ya nemi izinin shugaban makaranta da goyon bayan ƙungiyar iyaye da malamai da mai unguwa.
b. Ya zaɓi rukunoni kaɗan waɗanda ake yi a yankin, kamar ɗinkin hula da saƙar faifai da alkaki da ƙuli-ƙuli.
c. Ya buɗe sashe biyu, na ɗalibai da na iyaye mata. Uwa ta aiko da aikinta ta hannun ɗanta, a sa masa lamba, kada a bayyana suna sai da yardarta.
d. Ya ɗauko alƙalai daga cikin tsofaffin masu sana'ar.
e. Ya rubuta ma'auni tun kafin ranar. A hula, misali, ana iya ba daidaiton ɗinki maki 40, haɗin launi 20, tsabtar aiki 20, bayanin baka da Hausa 20.
f. Ya sa ɗalibai su rubuta sunan kowane kayan aiki da matakan sarrafa shi bisa ƙa'idojin rubutun Hausa, a tara a ajiye a ɗakin karatu.

Ba lallai ne kyauta ta yi tsada ba. Takardar shaida da zare ko mudun gyaɗa sun isa a fara da su.

9.0 Naɗewa

Darasin ya nuna cewa Hausawa suna da hanyoyinsu na gwada gwaninta tun kafin zuwan Turawa, sannan En'e da gwamnatocin da suka biyo baya suka kawo tsararren biki. A yau manyan tarukan ciniki suna ci gaba, amma gasar da ta shafi aikin matan gida ta yi rauni, kamar yadda misalin Ƙofar Dawanau ya nuna. An kuma ga yadda hakan yake shafar kalmomin sana'a, da matakan da malami zai bi wajen shirya gasa a makarantarsa.

Auna Fahimta

1. Bambance tsakanin baje koli da nuni da gasa, tare da misalai.
2. Ta wace fuska za a kira jere da gara dandalin gasa?
3. Kawo dalilai huɗu da suke hana matan gida shiga gasar sana'o'i, ka ba da shawara a kan kowanne.
4. Ziyarci mai sana'a ɗaya a unguwarku, ka tattaro kalmomi 20 na sana'ar tare da ma'anoninsu.
5. Tsara ma'aunin da za a yi amfani da shi wajen alƙalancin gasar saƙar faifai.