Kafin Ka Sayi Keke Mai Ninkewa

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, keke ya dawo da darajarsa a ƙasar Kano. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin shekarar 2024 ta ƙare kuma ta zarce naira dubu. Masu babura da dama suka jingine su, aka shiga ɗakunan shirgi ana fito da tsofaffin kekuna ana kakkaɓewa. A wannan tsakanin ne wani samfurin keke ya fara ɗaukar hankalin samari da ma'aikata: wanda ake ninke shi gida biyu a cusa a but ɗin mota, ga tayoyi masu kauri da haƙora, ga giya, mai sayarwa kuma yana rantse maka cewa yashi da taɓo duk ɗaya ne a wurinsa. Shin ya dace da mutumin Minjibir?

Amsar a taƙaice ita ce, kuɗin da za ka ƙara saboda ninkewar ba zai dawo maka ba sai in tafiyarka ta yau da kullum tana haɗa mota da hanyar ƙafa. In ba haka take ba, ka biya kuɗin abin da ba za ka mora ba, ka kuma sayo rauni a tsakiyar kekenka.

Duk wanda ya san ƙasar nan ya san yadda take. Kwalta ta taso daga Gezawa, ta ratsa Minjibir, ta faɗa Kunya. Da ka sauka daga kanta sai gona ta kama gona, gidaje a warwatse a tsakani, babu ƙasar da aka bari ta huta. Wannan cunkoso na kewayen Kano ne ya ja hankalin masani Michael Mortimore tun shekarun 1960, har ya yi ta nazarin yadda ake nome ƙasa ɗaya kowace shekara da takin da jakuna ke ɗaukowa daga birni. Mu abin da ya shafe mu hanyoyin ne: burtali mai yashi tsakanin shingen aguwa, 'yar siririyar turba wadda ganyen dawa ke marin fuskarka a cikinta a watan Agusta, da laka mai riƙe ƙafa a gefen dam ɗin Wasai. Motar haya ba ta shiga nan. Tana sauke ka a bakin titi, sauran kilomita uku ko biyar kuma kai da ɗan acaɓa ne, ko kai da ƙafarka.

A wannan giɓin ne keke mai ninkewa yake da rana. Ɗauki malamin makarantar da iyalinsa ke birni, aka tura shi wani ƙauye a wajen Kantama ko Sarbi; ko ma'aikacin lafiya mai zagayen rigakafi; ko malamin gona. Ya hau keke daga gida zuwa tasha, ya ninke, ya shiga mota, ya sauka a mararraba, ya buɗe, ya ƙarasa. Haka ma wanda ke yin akasin tafiyar, ɗalibi ko yaron shago da ke sammako daga Minjibir zuwa Kano. Tun 2013 aka hana acaɓa a cikin birnin, saboda haka da ya sauka a tasha adaidaita sahu ce ke jiransa, ita ma da nata kuɗin. Kowa ya yi lissafinsa da kansa. A ce tsakanin acaɓar ƙauye da adaidaitar birni kana kashe naira 1,000 a rana, kwana 20 a wata. Naira 20,000 ke nan. Raba kuɗin keken da wannan, ka ga wata nawa zai ɗauka kafin ya fanshi kansa. In ya wuce shekara, ka sake tunani. Akwai kuma wata riba da ba ta shiga lissafi: yana kwana da kai a ɗaki, yana shiga ofis ko shago, ba ka barin sa a ƙofar masallaci ko bakin kasuwa hankalinka ya rabu biyu.

Wanda bai kamata ya saya ba shi ne mai ɗaukar kaya, kuma su ne mafi yawan mahaya keke a ƙasarmu. Wannan keken ya daɗe a hannun soja. Tun a shekarun 1890 wani hafsan Faransa, Kyaftin Gérard, ya fito da wanda soja zai goya a baya. A Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin BSA na Birmingham ya ƙera wa sojojin lema na Ingila nasu. Wanda ya fi suna a yau cikin masu shiga daji, wato Paratrooper na kamfanin Montague da ke Amurka, shi ma don soja aka tsara shi a ƙarshen shekarun 1990. Mutum ɗaya da 'yar jakarsa aka yi wa shi, ba a taɓa yin sa don dako ba. Manyan kamfanonin irinsu Dahon da Brompton suna iyakance nauyin da zai ɗauka a kilo 105 zuwa 110, har da mahayin. In kai kilo 70 ne, jarkar ruwa ɗaya mai lita 25 za ta hau. Buhun takin zamani mai kilo 50 ya riga ya wuce gona da iri, balle buhun dawa, balle ka goyi ƙato a baya. Mai kai tumatir da albasa kasuwa daga lambun Wasai, da mai itace, da mai tallan kaji, su riƙe baƙin kekensu mai taya inci 28 da kariyar da mai walda ya ƙara wa ƙarfi, Raleigh ne ko Phoenix ko Hero. Babu ƙauyen da za ka rasa mai gyaransa da kayansa. Ko ƙungiyar World Bicycle Relief, da ta zauna ta tsara keke musamman don karkarar Afirka, Buffalo, ba ta bi ta kan ninkewa ba; ƙarfe ta zuba masa, da kariya mai ɗaukar kilo 100.

To, ka yi lissafi ka ga kana cikin masu amfana. Fara da girman taya, don a nan aka fi yaudarar mutane. Mai inci 16 an yi shi ne don titin Landan da jirgin ƙasa; a burtalinmu hanci zai kafa a yashi. Mai inci 20 yana taɓukawa a kan jar ƙasa mai tauri, kuma ya fi mai inci 26 daɗin ɗauka, amma da ya shiga rairayi sai ka sauka ka tura. Mai inci 26 ne ke hawa kan yashi da kunya ya wuce, musamman in faɗin tayar ya kai inci biyu. Aibinsa, ko an ninke shi yana da girma, wasu ma sai an cire tayar gaba. Zai shiga bayan Sharon ko Golf in ba a cika shi da kaya ba, amma ba zai zauna a kan cinyarka cikin adaidaita ba. Ga mai aiki a ƙauyukan Minjibir, ni 26 nake zaɓa masa.

Sai ka durƙusa ka karanta lambar da ke gefen tayar, domin inci kaɗai ba ya isa. Taya mai 26 da ke ɗauke da lamba 559 ita ce ta kekunan daji, ana samunta a kasuwa ba wahala. Akwai wata 26 ɗin mai lamba 590, ba sa shiga wilin juna. Haka inci 20 iri biyu ne, 406 da 451, ta farkon ce mai sauƙin samu. Mutum kan sayi keke ɗan Beljiyam mai kyan gani, ranar da taya ta fashe ya zaga Sabon Gari kaf bai samu irinta ba. Duba bawul ma. In irin na mota ne, kowane mai faci a bakin titi zai ba ka iska. In siririn nan ne mai ɗan noti a kai, sai ka nemi famfonsa tun kafin ka bar shagon.

Yanzu ga zuciyar maganar, wato gaɓar da yake ninkewa. Kada kunya ta hana ka ɓata wa mai shago lokaci. Buɗe keken, ka kulle gaɓar, ka damƙe birkin gaba, ka ɗora nauyinka a kan sirdi, ka yi ta tura shi gaba da baya. In ka ji ƙas-ƙas a tsakiya, ko ka ga bakin gaɓar yana buɗewa ko da kaurin farce ne, ajiye shi. Wasan da ya fara a shago, gargadar hanyar Kunya za ta ninka shi cikin wata guda. Goge wurin da tsumma, ka haska fitilar waya a kan waldar da ke kewaye da gaɓar, sama da ƙasa. Tsaga tana fitowa ne kamar silin gashi a cikin fenti, kuma in ka ga sabon fenti a nan kaɗai, ka tambayi abin da aka rufe. Makullin gaɓar ya kasance yana da ɗan maƙalli na biyu da ke hana shi ɓallewa da kansa, kuma ya zama sai ka sa ƙarfin tafin hannu kafin ya rufu. Wanda yatsa ɗaya ke rufewa ya saki. Daga nan ka ninke ka buɗe da hannunka sau da yawa, kana kallon wayoyin birki da na giya, ko suna lanƙwashewa ko gaɓar tana cizon su. A wasu samfuran, irin na Montague, ba a yanke ƙarfen tsakiya ba, jikin keken ne ke juyawa a gindin sirdi. Wannan tsarin ya fi jure wahala, sai dai ya fi tsada.

Ƙarfe ko alminiyam? Alminiyam ya fi sauƙin ɗauka, ba ya tsatsa, amma ranar da ya tsage mai waldar garinku ba shi da abin yi masa. Na ƙarfe ya fi nauyi, yana kuma karɓar walda. Sa maganaɗisu a jikinsa ka gani: in ya kama, ƙarfe ne. Ko wanne ne, ɗaga shi a ninke ka yi taku ashirin da shi, tunda ɗaukar nan kullum ce.

Kada ado ya ruɗe ka. Araha ba ta ado, kuma keke mai araha da aka jibga masa shokozoba gaba da baya, nauyi kawai aka ƙara maka. Na bayan yana shanye ƙarfin ƙafarka, ba a jimawa kuma ya fara kuka. Giya shida ko bakwai sun ishe ka, ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce. Abin lura shi ne ɗan ƙarfen da ke canza giya a baya, yana rataye ne kusa da ƙasa, tushiyar dawa ko kututture ɗaya ya isa ya lanƙwasa shi cikin wili. A kan taya 20 abin ya fi muni. Birki mai faifai yana kamawa sosai a taɓo, amma robar birki ta gargajiya ita ce za ka samu ranar kasuwa. Masu batir kuwa, wannan magana ce ta daban, ka fara tambayar kanka inda za ka yi caji.

Babban abokin gabarka ƙaya ce: tsidau a gefen hanya, da ta aduwa da bagaruwa da gawo a ƙarƙashin itatuwa. Tsohuwar dabarar masu gyara har yanzu tana aiki: a tsaga tsohon tiyub a shimfiɗa shi cikin taya kafin a sa sabon. Kada ka fita ba famfo, da faci, da gam, da tiyub guda a jaka. In za ka shiga yashi mai yawa, rage iska kaɗan yadda babban yatsanka zai ɗan lotsa tayar, za ka ji ta daina nutsewa. Kada dai ka rage har wili ya riƙa dukan ƙasa, don zai ciji tiyub ya bar maka huji biyu a jere. Da ka hau kwalta ka mayar da iskar.

Da hunturu ƙura ce ke cin sarƙa. Masu zuba mata baƙin mai har yana ɗiga suna zaton gata suke mata, alhali mai da yashi in suka haɗu dutsen wasa ne. Wanke ta da kananzir, ka bari ta bushe, ka ɗiga mai kaɗan, ka goge na sama. Gaɓar ninkewa ma a share mata ƙasa kafin a kulle, a ɗan shafa giris, a riƙa duba notinta duk mako. Wannan keken ba shi da gidan sarƙa irin na baƙin keke, saboda haka ƙafar wando ta dama a cusa ta a safa, babbar riga kuma a naɗe ta a jaka sai an isa. Murfin tare taɓo ma galibi babu, ka sa a ɗaura maka kafin damina.

A tasha, ka tanadi babban buhu ka zura shi ciki. Fasinjoji ba za su yi ƙorafin mai ya ɓata musu tufafi ba, giyar ba za ta maƙale da kayan wani ba, kuma ka kwantar da shi ɓangaren sarƙa yana sama. Ku gama maganar kuɗin kaya da ɗan kamasho kafin a rufe but, ka kuma sa wannan kuɗin cikin lissafin da ka yi tun farko, don in kullum sai an caje ka rabin kujera ribar ta tafi. Mafi sauƙi ka saba da direba ɗaya ko biyu masu bin hanyarka, ku yi yarjejeniya ta wata.

Ranar sayen, ka tafi da mai gyaran keken da zai riƙa duba maka shi, ka biya masa kuɗin mota da na yininsa. In ya juya keken ya ce ba shi da sifanar notinsa ko bai san inda ake samun tayarsa ba, ku wuce shago na gaba.