Zaɓen Akwati da Na'urar Wuta ga Mai Haɗa Kwamfutar Wasa

1.0 Gabatarwa

A wannan ɗan nazari zan yi bayani a kan abubuwa biyu da masu haɗa kwamfutar wasa da kansu sukan bari sai ƙarshe, lokacin da kuɗi ya kusa ƙarewa: akwatin da za a jera kayan a ciki, da na'urar wuta, wadda 'yan kasuwa ke kira fawa-fak. Galibin ɗalibai sun fi mai da hankali ga furosesa da katin hoto, domin su ne ke sa wasa ya yi gudu. Amma na'urar wuta maras inganci tana iya ƙone dukkan waɗannan kaya masu tsada a lokaci guda, akwati maras iska kuwa yana gasa su a hankali. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

2.0 Girman Akwati

Shawarata ta farko ita ce mai karatu ya san girman babban allonsa, wato madabod, kafin ya taya akwati. Akwai girma uku da aka fi sani. ATX, wanda kamfanin Intel ya fito da shi a 1995, yana da milimita 305 a 244. Micro-ATX yana da 244 a 244. Mini-ITX kuwa, na kamfanin VIA a 2001, milimita 170 a 170 ne. Babban akwati yakan ɗauki ƙaramin allo, amma ƙaramin akwati ba ya ɗaukar babba.

Bayan allo, akwai awo biyu da ya kamata a rubuta a takarda kafin a tafi kasuwa. Na farko tsawon katin hoto: RTX 4090 na kamfanin Nvidia, alal misali, yana da tsawon milimita 304, wasu na sauran kamfanoni ma sun fi haka. Na biyu tsayin na'urar sanyaya furosesa: Noctua NH-D15 ta kai milimita 165, in akwatin bai kai faɗin haka ba murfinsa ba zai rufu ba. Kamfanonin akwati suna rubuta iyakar waɗannan awo a bayanin kayansu, sai a gwada.

3.0 Iska da Ƙura

Duk wutar da kwamfuta ta sha, a ƙarshe zafi take komawa, kuma aikin akwati ne ya fitar da shi. Tsarin da aka saba shi ne iska mai sanyi ta shiga ta gaba da ƙasa, mai zafi ta fita ta baya da sama. Saboda haka na fi son akwati mai raga a gaba a kan mai gilashi rufe ruf, komai kyan fitilunsa. Idan zafi ya yi yawa, furosesa da katin hoto suna rage gudunsu da kansu don kada su lalace, sai wasa ya riƙa sarƙewa.

Fankoki sun fi zuwa da girman milimita 120 ko 140. Babbar fanka tana tura iska mai yawa ba tare da ta yi gudu sosai ba, don haka ƙararta kaɗan ce. Ina ba da shawarar fankokin shigar da iska su ɗan fi na fitarwa ƙarfi, misali biyu a gaba, ɗaya a baya. Hikimar ita ce iskar da ta taru a ciki za ta riƙa fita ta ƙananan kafofi, ƙura ba za ta samu hanyar shiga ba sai ta wurin matata. Wannan yana da muhimmanci a ƙasarmu, musamman lokacin hunturu da hazo. A riƙa cire matatar ana kakkaɓewa, kuma kada a ajiye akwati a ƙasa kan darduma.

4.0 Ƙarfin Na'urar Wuta

Aikin wannan na'ura shi ne ta karɓi wutar bango, wadda a Nijeriya bolt 230 ce, ta mai da ita bolt 12 da 5 da 3.3. Ana auna ƙarfinta da wat. Ga yadda nake lissafi. A ce mutum ya zaɓi furosesa Ryzen 5 7600, wadda ba ta wuce wat 88, da katin RTX 4070 mai wat 200. A ƙara kamar wat 50 na allo da ma'adanai da fankoki, jimla ta kusa 340. Ba za a sayi mai wat 350 ba, domin katin hoto yakan fizgi wuta fiye da ƙima na ɗan ƙiftawar ido, in babu rara kwamfutar ta mutu ana tsakar wasa. Shi ya sa Nvidia ta ba da shawarar wat 650 ga wannan kati, 850 kuma ga RTX 4090 mai shan wat 450.

A kula da takardar da ke manne a jikin na'urar. Furosesa da katin hoto daga layin bolt 12 suke sha, saboda haka a ninka 12 da adadin amfiya da aka rubuta a ƙarƙashinsa. Idan 54 ne, an sami wat 648, wato na'urar ta cika 650 ɗinta. Idan an rubuta 650 da manyan baƙaƙe amma lissafin ya tsaya a 300, a ajiye ta a nemi wata.

5.0 Inganci da Kariya

Tambarin 80 Plus, wanda aka fara a 2004, yana nuna yawan wutar da na'ura ke isarwa ba tare da asara ba. Idan kwamfuta na buƙatar wat 400, na'ura mai ingancin kashi 80 cikin ɗari za ta ja 500 daga bango, 100 su tafi a zafi. Mai kashi 90 kuwa, kamar matakin Gold a rabin lodinta, kimanin 444 za ta ja. Ga mai amfani da janareta ko inbata, wannan bambanci kuɗi ne. Sai dai tambarin bai auna ƙarkon kayan ciki ba, don haka a duba shekarun garanti, a kuma tabbata akwai kariyar OVP da OCP da SCP, masu kashe na'urar idan wuta ta yi yawa ko wayoyi sun haɗu.

Sababbin katunan Nvidia da dama suna amfani da waya mai fil 16 da ke ɗaukar har wat 600, wadda ta zo da tsarin ATX 3.0 a 2022. A wannan shekarar an sami rahotannin narkewar bakin wayar a kan RTX 4090, bincike kuma ya danganta yawancinsu da rashin tura ta har ƙarshe. An gyara fasalin bakin a tsarin ATX 3.1, duk da haka a tura ta sai ta kama sosai.

Gargaɗi uku zan ƙara. Kada a haɗa wayoyin wata na'ura da wata, ko da bakinsu ya shiga, domin jerin fil ɗinsu yakan bambanta. Idan tsohuwar na'ura ce mai jan makunni a baya, a tabbata yana kan 230, in yana kan 115 nan take za ta ƙone. Kada kuma a buɗe cikinta, domin tana riƙe wuta ko bayan an zare ta daga bango.

6.0 Kammalawa

Abin da nake so 'yan'uwana ɗalibai su riƙe shi ne, a auna kafin a saya, a yi lissafi kafin a biya. Wanda zai sayi ta hannu a kasuwa irin Computer Village ta Ikeja, ya nemi a gwada masa ita a gabansa. Tunda wutarmu tana hawa tana sauka, a ware kuɗin UPS mai ƙarfin da zai ɗauki kwamfutar tun a kasafin farko. Katin hoto yakan tsufa cikin 'yan shekaru, amma akwati mai kyau da na'urar wuta tagari suna iya raka mutum zuwa haɗi na biyu. Rigakafi dai ya fi magani.