Yadda Za Ka Yi da Maigida Mai Cin Mutunci a Shagon 'Yan Gida Ɗaya

A ma'aikatar gwamnati, idan shugabanka ya zalunce ka, akwai na sama da shi da za ka kai wa kuka. A shagon 'yan gida ɗaya kuwa, na sama da shi mahaifinsa ne, mai riƙe da kuɗi ƙanensa ne, mai rubuta kaya ɗan yayarsa ne. Ƙarar da ka kai da rana, a kan tabarmar cin tuwo za a yanke hukuncinta da daddare, kai kuma ba ka wurin. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, in ji Hausawa, kuma haka za su yi da nasu. Kai ne bare.

Waɗannan matakai na yaron shago ne a Kantin Kwari ko Singa, da mai lissafi a injin casar shinkafa, da malama a makarantar kuɗi ta wani Alhaji da 'ya'yansa. Abu biyu muke so ka tsira da su, ko ka zauna ko ka tafi: haƙƙinka da sunanka. Tanadi ƙaramin littafi mai bango mai ƙarfi, da biro, da wayarka, da mutum ɗaya mai riƙe sirri wanda ba ya cin abinci a gidan. Ba wa kanka wata biyu zuwa uku. Aikin ba na gaggawa ba ne.

1. Raba faɗa da cin mutunci. Ɗauki mako guda kana lura kawai. Maigidan da ya ɗaga murya don ka ba da canji ba daidai ba, faɗan aiki ya yi. Wanda ya zagi iyayenka a gaban masu ciniki, ko ya riƙe maka albashi don ka ji a jikinka, ko ya hana ka zuwa jana'izar ɗan'uwanka, ko yake yi maka gorin abincin rana, wannan ya wuce gona da iri. Hattara: idan abin ya kai ga duka, ko kulle ka a sito, ko neman mace da lalata, kada ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Bar wurin a ranar, je asibiti a duba ka a ba ka takarda, sannan ka kai rahoto ofishin 'yan sanda tare da wani babba naka.

2. Fara rubutu daga yau. Kowane dare, bayan ka koma gida, rubuta kwanan wata, da lokaci, da abin da aka ce maka kalma da kalma, da waɗanda suke wurin. Kada ka rubuta “ya wulaƙanta ni”. Rubuta abin da ya fito daga bakinsa. A shafukan baya, jera albashinka: nawa aka yi alkawari, nawa aka ba ka, yaushe, nawa aka yanke da dalilin da aka faɗa. Saƙon waya ko na WhatsApp da ya turo maka, ɗauki hotonsa ka tura wa amininka. Littafin nan kada ya taɓa kwana a shago, kada kuma ka nuna wa abokin aiki, ko da ku biyu ake zagi tare. Gobe yana iya neman shiga da kai.

3. Tsare hannunka daga kuɗi da kaya. A nan nake so ka fi natsuwa, domin a nan ake kayar da bare. A kasuwancin gida kowa yana sa hannu a akwatin kuɗi. Ɗan maigida zai shigo ya ɗebi dubu 20 ya ce na mai ne. Hajiya za ta aiko a ba da turmi biyu na atamfa, ba takarda. Ranar da lissafi ya ƙi fita, ba wanda zai tuna da waɗannan. Kai za a kalla.

Na taɓa ganin yaro a wani shagon atamfa, ya shekara 6 yana buɗe shago tun da sassafe, aka tsayar da shi a gaban maƙwabta kan turmi huɗu da suka ɓata. Ya rantse ƙanen maigida ne ya ɗauka kafin sallah. Aka ce ina shaida, ya tsaya yana share gumi da hularsa, ba shi da abin nunawa. Har yau idan na tuna fuskarsa raina yana ɓaci.

Saboda haka duk abin da ɗan gida ya ɗauka, rubuta shi a littafin shago nan take a gabansa, ka ce cikin ladabi, “Yaya, sa mini hannu a nan don lissafin Alhaji.” Idan ya ƙi, tura wa maigida saƙo a lokacin: an ɗauki kaza, ƙarfe kaza. Kada ka yarda mai ciniki ya tura kuɗin shago cikin asusunka na banki, ko da na'urar karɓar kuɗi ta lalace. Kada ka ba da bashi da bakinka sai da izinin da aka rubuta. Kuma kada ka biya kanka da kanka daga ciniki, ko da kana bin su albashin wata uku. Ranar da ka yi haka, ka miƙa musu sandar dukanka.

4. Koyi tsayuwa lokacin da ake zaginka. Kada ka rama, kada ka yi murmushi, kada ka juya baya yana magana. Bar shi ya sauke. Idan ya tsagaita, amsa maganar aikin kaɗai: “Na ji, Alhaji. Kayan Zariya zan ɗaure yanzu.” Idan ya taɓa iyaye, faɗa sau ɗaya da murya ƙasa-ƙasa, “Alhaji, ni na yi laifi, a bar iyayena.” Kada ka maimaita. In ka ji zuciya ta taso maka har hannunka yana rawa, nemi izinin zagayawa, ka yi alwala, ka sha ruwa, sannan ka dawo.

5. San abin da doka ta ba ka kafin ka buɗe baki. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa cikin wata 3 da fara aiki. Ta hana a ja biyan albashi ya wuce wata ɗaya. Ta ba ka hutun kwana ɗaya cikin kowane kwana 7, da hutun aƙalla kwana 6 na aiki da albashinka bayan ka cika wata 12. Ba ta yarda maigida ya ci ka tara yadda ya ga dama ba; yanke albashi saboda asarar da ka jawo sai da amincewar jami'in ƙwadago.

Akwai wurare biyu da mutane ke tuntuɓe. Mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma yawancin shaguna a nan suka faɗa. Na biyu, idan kai ma ɗan gidan ne, dokar ƙwadago ba ta lissafa iyalan mai aikin cikin ma'aikata ba, don haka hanyarka ta fi ƙarfi ta wajen dattawan dangi. Mai karatu a Nijar, dokarku daban ce. Ofishin sufeton ƙwadago ne wurin tambaya.

6. Sami maigida shi kaɗai. Zaɓi lokaci da kyau. Ban da safiyar da kaya suka iso, ban da ranar da mai bin sa bashi ya zo, ban da gaban 'ya'yansa. Bayan la'asar, ciniki ya lafa, ya fi. Fara da gaisuwa da godiya kan abin da ya yi maka na gaskiya. Sannan ka kawo magana ɗaya tak, ka nemi abu ɗaya tak: “Alhaji, in na yi kuskure a kira ni ciki a yi mini faɗa. Zagi a gaban mutane yana karya mini gwiwa.” Kada ka ambaci littafi, kada ka ambaci doka, kada ka kawo laifin ɗansa. Ba shi mako biyu ka ga ko an samu sauyi, kana ci gaba da rubutu.

7. Idan ba a samu ba, nemo mai shiga tsakani. Na farko shi ne wanda ya kawo ka aikin, domin shi ya tsaya maka, kuma kunyarsa ake ji. In babu shi, nemi wanda maigida ke tashi tsaye idan ya shigo: limamin masallacinsu, tsohon ubangidansa, ko dattijo a ƙungiyar 'yan kasuwar layinku. Kada ka kai ƙara wajen matarsa ko ɗansa. Kada kuma ka yarda ɗan gidan da ke rigima da shi kan gado ko shugabanci ya jawo ka ɓangarensa. Za su shirya, a bar ka a rana.

8. A zaman da za a yi da mai shiga tsakanin, sa a fayyace maganar sallama. Yara da yawa suna haɗiye zagi shekara da shekaru saboda an ce wata rana za a ba su jari. Tambaya a gaban dattijon: yaushe, kuma nawa, kuɗi ne ko kaya? Roƙi a rubuta, shaidu biyu su sa hannu. Idan aka ce maka “ba ka yarda da ni ba ne?”, bar dattijon ya amsa, ya san ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Wanda ya ƙi sa rana kuma ya ƙi rubutu, a ganina ya riga ya ba ka amsa, sai ka wuce zuwa mataki na gaba.

9. Shirya hanyar fita a ɓoye. Ware wani abu daga kowane albashi, ko ka shiga adashi a unguwarku, ba a kasuwa ba, har ka tara abin da zai riƙe ka wata biyu. Nemi wani aikin ta hannun amininka. Kwashe takardun makarantarka da katin shaidarka idan suna hannunsu, ka ce za ka cike wata takarda. Idan a gidansu kake kwana, samo wurin kwana tukuna. Kada ka ja masu cinikinsa, kada ka ɓata shi a wurin sabon maigida. Kasuwa ƙarama ce, magana tana zagayowa kafin azahar.

10. Ba da sanarwa a rubuce. Doka ta sa kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara 2 ba, mako 2 ga wanda bai kai shekara 5 ba, wata ɗaya ga mai shekara 5 zuwa sama. Layi uku sun isa: godiya, ranar da za ka tsaya, da roƙon a yi lissafi. Yi kwafi biyu ka riƙe ɗaya. Kada ka sulale ba sallama, domin wanda ya gudu da dare shi ake ɗora wa duk abin da ya ɓata.

11. Ranar ƙarshe, kada ka miƙa makulli sai an ƙirga kaya. Zo da wanda ya tsaya maka. A bi sito ɗaya bayan ɗaya, a duba littafin bashi, a ƙirga kuɗin akwati. A rubuta cewa ka miƙa komai cif, maigida ya sa hannu, shaidu su sa, ka ɗauki hoton takardar kafin ka fita daga shagon. Sai bayan nan ka kawo maganar ragowar albashinka, ka buɗe shafukan bayan littafinka.

12. Idan an hana ka haƙƙinka, bi ta sulhu tukuna: ƙungiyar kasuwa, mai unguwa, ko Hisba a jihohin da take aiki. In ya faskara, je ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharku, ko Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda ba ta karɓar ko kwabo. Kada ka yi jinkiri, domin hukumar ba ta duba abin da ya wuce wata 12 da faruwa. Ƙarshen hanya ita ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, mai reshe a Kano da wasu manyan birane. Duk inda za ka, tafi da littafinka da takardar miƙa kaya da kwafin sanarwarka, ka ba su kwafi, na asalin kuma su zauna a hannunka.