YADDA A KE GANE ZUMA MAI KYAU

Ya kai mai karatu, ka san zuma abinci ne, magani ne kuma, kuɗinsa kuwa ba kaɗan ba ne. Saboda tsadarsa waɗansu su kan yi masa algus. In ba ka iya dubawa ba, sai ka ba da kuɗin zuma ka koma gida da ruwan sukari.

1. Nunannen zuma

Ƙudan zuma su kan tsotso ruwan furanni, irin na ɗorawa da kaɗanya, su kai cikin amya. Sa'ad da suka kawo shi tsararo ne. Sai su zuba shi cikin ramukan saƙa, su yi ta fifita shi da fikafikansu har ruwan ya ragu. In ya nuna, sai su rufe bakin kowane rami da kaki. Wannan rufi shi ne shaidar da ta fi kowace.

Masana sun auna, sun ga ruwan da ke cikin nunannen zuma ba ya wuce kashi 20 cikin 100. In ya wuce haka, zuman ya kan yi kumfa, ya yi tsami, har ya ture murfin kwalba. Saboda haka wanda aka ɗebe tun ba a rufe saƙar ba, ba ya ajiyuwa.

2. Abin da za ka duba

Da fari ka tsoma tsinke ka ɗaga. Nunannen zuma ya kan zubo kamar zare, ba ya ɗiga kamar ruwa. Amma ka tuna zafin rana ya kan sa kowane zuma ya saki.

Na biyu, nauyi. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, amma lita 1 ta zuma ta kai wajen kilo 1 da giram 400. In kwalbar ta yi maka sakayau, an ƙara ruwa.

Na uku, ka sansana, ka ɗanɗana. Ƙauri ya nuna an cika wuta wajen ɗiba, ko an dafa saƙar. Tsami ya nuna ya fara lalacewa.

Na huɗu, ka ɗaga kwalbar wajen haske. In ka ga toka, ko matattun ƙudaje, ko gurɓata, ba a tace shi sosai ba, ko kuwa an matse shi tare da 'ya'yan zuma.

3. Gwajin da ba ya isa shaida

Waɗansu su kan ce in an tsoma ashana cikin zuma aka ƙyasta ta kama, to, zuman na gaskiya ne. Wannan gwaji ruwa kaɗai ya ke tonawa. Sukari ko mazarƙwaila da aka dafa ya yi kauri shi ma sai ya tsallake, ya tsallake gwajin nauyi kuma. Waɗansu su ce kiyashi ba ya hawa zuma na ƙwarai. Ba haka ba ne, kiyashi ba ya ƙin zaƙi.

Launi ma ba shaida ba ne, gama fari da ja da baƙi duk daga irin furen ne. In kuwa zuma ya daskare ya yi tsaki-tsaki da sanyi, kada ka zargi mai shi. Halin zuma ke nan. Sa kwalbar cikin ruwan ɗumi, sai ya narke.

4. Shawara

Algus na sukari, in an iya shi, sai a ɗakin gwaji a ke kama shi. Saboda haka ka nemi mai amya wanda ka amince da shi, ka sayi zuma da saƙarsa a rufe, ka tace da kanka da ƙyalle mai tsabta, ban da wuta. Ka zuba cikin busasshiyar kwalba ka toshe sosai, don zuma ya kan ja laima.

Abu guda kuma: kome kyaun zuma, kada a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba. Wani lokaci akwai ƙwayar cuta a ciki wadda ba ta cutar babba, amma tana iya kashe jariri.