Wasiƙa Zuwa Ga Matasa Masu Sha'awar Aikin Adana Kayan Tarihi

Zuwa ga samari da 'yan mata masu neman sana'ar da za su riƙe.

Mai ziyartar Gidan Makama a Kano ko Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, yakan ga tufafi da makamai da rubuce-rubucen hannu a jere cikin gilashi, amma ba kasafai yake ganin mai adana su ba, wato ma'aikacin da ya karanci abin da aka yi kowane kaya da shi domin ya rage masa saurin lalacewa. Mafi yawan aikin nan rigakafi ne, gyara kuwa yakan zo ne bayan an gaza.

Yanayin ƙasar Hausa yana wahalar da kayan tarihi ƙwarai, domin iskar hunturu tana busar da fata da takarda har su tsage, damina kuma ta kawo danshin da ke sa fumfuna, ga gara da asu da ɓera a kowane lokaci. Shi ya sa mai adanawa yake auna zafi da danshin ɗaki kullum, yana neman danshin ya tsaya wajen kashi 50 cikin 100. Tawadar malamai ta gawayi da ƙaro tana narkewa da zarar ruwa ya taɓa ta, saboda haka wanda ya goge shafin tsohon littafi da jiƙaƙƙen tsumma, ko ya liƙe yagaggen wuri da salatif, ya yi ɓarnar da ta fi ta gara, ko da niyyarsa kyakkyawa ce. Ƙa'idar masu aikin ita ce duk gyaran da za a yi ya zama wanda na baya zai iya warwarewa, kuma a rubuta shi tare da hoto. Abin da ya sa ke nan suke yi wa takarda faci da siririyar takardar Japan da sitacin alkama. Itacen da ya daɗe cikin danshi ma yana buƙatar irin wannan taka-tsantsan: kwalekwalen Dufuna da aka gano a 1987 a yankin da yake Jihar Yobe a yau, mai kimanin shekara 8,000, da an bar shi ya bushe farat ɗaya da ya motse ya tsattsage.

Matashin da ke son wannan aiki kada ya guji ilimin sinadarai, domin da shi ake gane dalilin tsatsa da ruɓewa, sannan ya haɗa da tarihi, da Larabci da ajami in rubuce-rubuce zai fuskanta. Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, tana da cibiyar horo a Jos, akwai makarantar kayan tarihi ta EPA a Porto-Novo tun 1998, cibiyar adana kayan tarihi ta ICCROM da ke Roma kuma tana shirya gajerun kwasa-kwasai. Takardar shaida ita kaɗai ba ta isa ba, sai ya yi shekaru a ƙarƙashin gwani, ya kuma zauna da dukawa da marina da masaƙa, waɗanda suka san jima da baba da zare tun daga tushe.