Maganin yawan gumi: da dare ake shafa shi, a busasshiyar fata

Wani saurayi ɗan jami'a ya taɓa zuwa kantin maganin da nake aiki, ya raɓe gefe har layi ya ƙare. Na miƙa masa hannu mu gaisa, sai da ya goge tafinsa a jikin wando sau biyu kafin ya karɓa. Hannun sharkaf, ga sanyi ƙalau, alhali ana tsakiyar hunturu. Ya ce, "Malam, ko a ɗakin jarrabawa sai na shimfiɗa hankici a ƙarƙashin hannuna, in ba haka ba takardar jiƙewa take yi. Na sayi maganin da aka ce, ƙona ni kawai ya yi." Ya zaro kwalbar Driclor daga aljihu. Na tambaye shi yaushe yake shafawa. Ya ce da safe, da zarar ya fito daga wanka.

Tausayinsa ya kama ni, domin maganin da ya dace ne a hannunsa, yadda ake amfani da shi ne ba wanda ya gaya masa.

Driclor da Anhydrol Forte duk sinadari ɗaya ne a cikinsu, alminiyom kulorayid, kashi 20 cikin 100. Aikinsa shi ne ya shiga ƙananan ƙofofin da gumi ke fitowa ya toshe su. In fata na da laima, gumin zai wanke shi kafin ya shiga, sannan haɗuwarsa da ruwa na haifar da asid, wanda shi ne raɗaɗi da jan fatar da mutane ke kuka da su. Shi ya sa ake shafa shi da dare, lokacin da irin wannan gumin ke lafawa. Bayan sallar isha'i a wanke wurin, a tsane shi sarai, a sha iska ko fifita ce har ya bushe ƙarau, sannan a shafa kaɗan. Ya kwana a jiki awa 6 zuwa 8, da asuba a wanke. Masu tambaya game da alwala su kwantar da hankali, toshiyar a cikin ƙofar gumin take, ruwa ba ya fitar da ita. A yi haka kullum har gumin ya ragu, galibi cikin mako ɗaya zuwa biyu, daga nan sau ɗaya ko biyu a mako ya wadatar.

Kada a shafa a hammatar da aka aske sai ta kwana, haka ma wurin da ke da ƙuraje ko yanka. Yana ɓata tufafi, don haka tsohuwar riga ake kwana da ita. In ƙaiƙayi ya dame ka, ka huta kwana biyu, mai magani zai iya ba ka man haidurokotizon mai kashi 1 na 'yan kwanaki. Don Allah kada a nemi sauƙi da mayukan bilicin, cinye fata suke yi.

Gaskiya a hammata ya fi aiki. Fatar tafin hannu da ta ƙafa na da kauri, wasu ba ya isar su, sai likitan fata ya koma ga na'urar da ake tsoma hannu a ruwa mai ɗan lantarki, ko allurar Botox. Alif da turare kuwa wari suka fi ragewa. Mata kan tambaye ni batun sankarar mama: bincike bai tabbatar da wata alaƙa ba. Mai ciwon ƙoda ne ya kamata ya fara jin ta bakin likitansa.

Akwai sababbin magunguna da wasu ke aikawa a sayo musu daga waje, kamar Qbrexza, ɗan ƙyallen gogawa a hammata da Amurka ta amince da shi a 2018. Shi saƙon jijiya yake tarewa kafin ya isa inda gumi ke fitowa. Yana aiki, amma yana busar da baki, yana iya riƙe fitsari, in kuma hannun da ya taɓa shi ya taɓa ido gani kan yi dishi-dishi. Mai hawan jinin ido ba ya amfani da shi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne zafinmu. A bazarar da ake haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri, duk abin da zai rage wa jiki gumin da yake sanyaya kansa da shi bai kamata a taɓa shi ba sai da likita.

Gumin saurayin nan tun yarinta ne, a hannu biyu, kuma in ya yi barci yana tsayawa. Mahaifinsa ma haka yake. Irin wannan ake yi wa shafi. Amma wanda gumi ya zo masa da girmansa, a duk jiki, ko yake farkawa zanen gado ya jiƙe, ga rama ko bugun zuciya, ana iya samun ciwon maƙoƙo, ko faɗuwar suga, ko illar wani magani irin su tiramadol. In har da tari da ya wuce mako biyu, ba na sayar masa da komai. Takarda nake rubuta masa ya je asibitin gwamnati a gwada majinarsa, gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne.